Burodin Kirsimeti a Watan Nuwamba

Torre Salina,
6 ga Oktoba, 1997

Kakata Adelina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafa, yaya sanyin kan dutse? Yaya kaji, da akuyar nan taki mai cin wanki a kan igiya? Mu nan duk lafiya lau, Baba da Mama suna gaishe ki.

Ranar Lahadi da na kira ki a waya na yi ta magana, ke kuma kina ta cewa, “Wa ke nan?” Ni muryata ƙarama, ke kunnenki ya tsufa. Shi ya sa na ce mu koma takarda. A takarda ba na in'ina.

Gidan da kulob ɗin ƙwallo ya ba mu yana hawa na uku. Ana hango teku, amma sai ta tagar banɗaki, kuma sai an taka bokiti. Mama ta jera kaya, sai dai ba ta zubar da kwalayen ba. Ta ninke su ta tura ƙarƙashin gado kamar kullum, kowanne da lambarsa. Kwali na bakwai ma ba ta buɗe shi ba, ta ce tarkacen Baba ne.

Baba yana nan yadda kika san shi. Shi ke fara isa fili ya jera alamomin atisaye, shi ke rataye usur, shi ke rubuta komai a ɗan littafinsa, shi ke lallashin yaran da kocinsu Mista Bertacca ya zaga. Idan an ci wasa a ce Mista ya iya, idan an sha kashi Baba ya ƙi cin abinci. Wata mata a kantin burodi ta tambaye ni, “Ke ce 'yar Mista?” Na ce a'a, 'yar na biyu ce, wato mataimakinsa. Kin san dai mutum ɗaya ake ce wa Mista a kulob. Gwiwar Baba tana damunsa saboda laimar garin nan, yana hawa bene yana hutawa, amma kada ki ce na faɗa miki.

Kaka, na yi ƙawa. Sunanta Nives, benci ɗaya muke zama. Ubanta Oreste mai sayar da kifi ne. Ita ba ta gajiya da surutu, ni ba na gajiya da saurare, sai muka dace. Jiya na je gidansu. A bangon falonsu akwai hotuna shida a jere, hoton 'yan ajinsu na kowace shekara, tun tana da giɓi har ta yi kitso. Ta ce, “Ke ina naki?” Na ci gaba da kallon hotunan.

Ba ni da ko ɗaya, kin sani. A watan Mayu ake ɗauka. Sau huɗu an sallami Mista kafin Mayu, sau ɗaya shi ya yi fushi ya ajiye aikin, kuma duk inda ya sa ƙafa nan Baba yake sawa. Sai mu tattaro kwalaye mu dawo wurinki, makarantar ƙauyenku kuwa ba mai hoton da ke hawowa. Shekara ɗaya tak da muka kai ƙarshen kakar wasa (kakar wasa, ba ke ba) ƙyanda ta kwantar da ni.

To bana na ƙudura. Zan gama aji biyun nan a makarantar da na fara shi, kuma sai na shiga hoton Mayu. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. An ci mu wasa uku cikin biyar, amma da sauran lokaci.

Ki sha maganinki, ki daina ba akuya.

Jikarki mai ƙaunarki,
Marzia


Torre Salina,
10 ga Nuwamba, 1997

Kakata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan tarin da kika ambata ya tafi. Na sami wasiƙarki da safar da kika saƙa. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma ina sawa haka nan.

Jiya an sake cin mu a gida, biyu da ɗaya. Na zauna da Nives da ubanta. Kaka, bakin Oreste ba linzami. Tun daga farko yake ihu: “Bertacca, kifina da ya kwana ya fi 'yan bayanka motsi.” Da aka tashi sai ya juya ga abokinsa ya ce, “Rubuta ka ajiye, wannan ba zai ci panettone ba.” Abokin ya ce, “Panettone? Ko ƙamshinsa ba zai ji ba.” Nives ta zungure shi ta nuna ni, sai ya ce, “Yi haƙuri 'yata, ba da babanki nake ba. Babanki mutumin kirki ne, jaka kawai yake ɗauka.” Wannan ta fi ta farkon yi mini zafi.

Maganar nan ta bi gari. Mai aski yana faɗa, mai sayar da jarida yana faɗa, har yaran ajinmu. Kowa ya yanke cewa Mista ba zai kai Kirsimeti a garin nan ba, balle ya ci burodinta. In kuwa bai kai ba, mu ma ba mu kai ba.

Na yi tunani sosai. Ke kika san mutanen ƙwallo da camfi. Baba ba ya wanke safar da muka ci wasa da ita. Mista yana barbaɗa gishiri a bayan raga, kuma ba ya yarda a ajiye hula a kan gado. To tunda sun ce ba zai ci ba, idan ya ci fa? Ai magana ta karye. An riga an fara jera panettone, burodin Kirsimetin, a kantuna, cikin dogayen kwalaye masu igiyar riƙewa. Na sayi ɗaya mai zabibi da ɓawon lemo da kuɗin da kika ba ni na ranar haihuwata, na ɓoye shi a bayan rigunana.

Ranar Alhamis zan kai masa fili bayan makaranta. Na shirya abin da zan faɗa: “Kawu, ku ci wannan yanzu don bakinsu ya mutu.” Kalma tara ce, na ƙirga. Ina maimaitawa a banɗaki. Tun ina goye ya san ni, shi ya sa mini suna Sarkin Surutu don tsokana, to me zai ba ni tsoro?

Ki sa ni a addu'a idan kin je coci.

Taki,
Marzia


Torre Salina,
18 ga Nuwamba, 1997

Kaka,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, amma na yi ɓarna, kuma ban san yadda zan gyara ba.

Na je ranar Alhamis. Na ɗauka zan same shi shi kaɗai, ashe lokacin hutun shan ruwa ne, 'yan wasa duka suna zaune a gefen fili, har da wani ɗan jarida. Baba yana can nesa yana kwashe ƙwallaye. Na tsaya gaban Mista da kwalin a hannu, idanu sun fi arba'in a kaina. Kalmomin nan tara duk suka gudu. Na ajiye kwalin a kan benci kusa da shi, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Daga gidanmu.” Na juya na ruga.

Ina gudu na ji mai tsaron ragarmu yana cewa, “Mista, ku ci da wuri, an ce ba a san gobe ba.” Suka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

Abin da ban sani ba, Kaka, tun mako biyu ana raɗe-raɗin cewa shugaban kulob yana so ya cire Mista ya ɗora Baba. Kowa ya ji, ban da ni. Ranar Juma'a jaridar garin ta buga da manyan baƙaƙe: “Na biyu ya aika wa Mista panettone tun Nuwamba.” Wato Baba ya aiko ni in ce masa ya ci yanzu, don ba zai kai lokacinsa ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni a kicin ya ce, “Marzia, wa ya aike ki?” Na ce ba kowa. Ya ce, “To me kike nufi?” Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Ya shafa kaina ya tashi.

Ya je ya faɗa wa Mista cewa shirmen yarinya ne, shi bai san komai ba. Na ji yana ba Mama labari. Wai Mista ya dube shi ya ce, “Ermanno, yarinyar da ba ta iya ce mini ina kwana sai ta ɓuya a bayan uwarta, ita ce ta ƙirƙiro wannan? Nemi wani ka faɗa wa.” Tun ranar ba su ci abincin rana tare ba, su da shekara tara kwano ɗaya ne kawai ba sa haɗawa. Idan Mista yana da saƙo sai ya ba mai kula da kayan wasa ya kai wa Baba, alhali suna tsaye taku biyar tsakani.

A makaranta yara suna kirana Panettone. Nives ta mari ɗaya, aka kai ta ofishin shugaba. Ta dawo tana cewa, “Ke ma da kin faɗa mini da na raka ki na yi miki bakin. Ke da hankali, ni da murya, ai da an gama.”

Kin ga inda shirun nawa ya kai mu. Ba a yarda da Baba mai gaskiya ba ne saboda ba wanda ya yarda ina da baki.

Kada ki rubuto wa Baba a kan wannan, don Allah. Ni na ɓata.

Marzia


Torre Salina,
9 ga Disamba, 1997

Kakata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da wasiƙarki. Na karanta wurin da kika ce ke ma kin taɓa zuba gishiri a madadin sukari a ranar baikonki, na yi dariya karon farko cikin mako uku.

An sallami Mista jiya. Mun yi canjaras biyu, sannan ranar Lahadi aka ci mu biyu da nema, muka koma na biyun ƙarshe a tebur. Da hantsi shugaban kulob ya kira shi, da azahar ya kira Baba. Ya ce kujerar Mista tasa ce idan yana so, ya ba shi zuwa safiyar Alhamis ya ba da amsa. In ya ƙi, za a kawo wani daga arewa da nasa mataimakin.

Muna cin taliya Baba ya faɗa. Mama ta ajiye cokali ta ce, “To sai me kake jira?”

Ya ce, “Graziella, kin san al'ada. Na biyu da na farko ƙofa ɗaya suke fita.”

Ta ce, “Al'ada ce za ta ɗaure mini kwalaye? Shekara tara kana busa masa usur. Takardar shaidar koci da ka je Firenze ka sha wahala ka samo, shekara huɗu tana kwali na bakwai, asu ne kawai ke karanta ta.”

Ya ce, “Ranar da gwiwata ta fashe ina da shekara ashirin da tara, kulob ɗin da na buga wa wasa ɗari biyu furanni suka aiko. Mista ya zo da kansa ya zauna bakin gadon ya ce, tashi, ina neman mai idanu. Kin manta?”

Ta ce, “Ban manta ba. Amma ka biya shi har da gyara.”

Sai Baba ya yi ƙasa da murya, amma na ji. Ya ce, “Da a bara ne, da wataƙila in je in nemi izininsa. Yanzu in na zauna a kujerar nan, burodin nan ya zama gaskiya. Har in mutu ni ne mutumin da ya aiki 'yarsa ta yi wa maigidansa dariya.”

Ba wanda ya dube ni. Na ture farantina gefe.

Yau da na dawo daga makaranta na tarar kwalayen sun fito daga ƙarƙashin gado. Mama tana naɗe kofuna da jarida, har da wadda aka buga labarin. Ta ce ki share mana ɗakin baya.

Kada ki share tukuna, Kaka. Na zauna na duba abin daga farko. Da ban kai burodin ba, da Baba yana da hanya. Ni na toshe ta, kuma ba wanda zai iya buɗewa sai ni, tunda bakin Baba an ƙi yarda da shi. Mista yana nan a masaukinsa kusa da tashar jirgin ƙasa, sai ranar Alhamis zai koma garinsu wurin matarsa. Gobe Laraba. Na rubuta duk abin da ya faru a takarda, shafi ɗaya da rabi, zan je in karanta masa. In ya kore ni in tsaya a bakin ƙofa in karanta. In muryata ta maƙale in jira ta dawo. Ba zan ruga ba wannan karon, na ɗaura wa kaina wannan.

Zan rubuto miki yadda ta kaya.

Jikarki,
Marzia


Torre Salina,
11 ga Disamba, 1997

Kaka,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Ki nemi tabaraunki ki zauna, wannan doguwa ce.

Jiya da aka tashi daga makaranta Nives ta raka ni har ƙofar masaukin. Ta ce, “In shiga in fara miki?” Na ce a'a, ki jira a nan. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

Na same shi yana cusa riguna a akwati, taba a baki. Ya ce, “Sarkin Surutu. Yau kuma me aka aiko ki da shi, ƙwan bikin Ista?” Na ciro takardata na fara karantawa. Ban gama layin farko ba ya miƙo hannu ya karɓe ta, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, “In takarda ce, ubanki ma ya iya rubutu. In maganarki ce, faɗa da bakinki.”

Kaka, na tsaya ban san iya lokacin ba. Na ji jirgi ya shigo tasha, na ji ya tashi. Ƙafafuna suna cewa mu tafi. Shi kuwa ya zauna a bakin gado yana jira, bai taimake ni da ko kalma ɗaya ba.

Sai na ce, “Kawu, ku kuke zuba gishiri a bayan raga.”

Ya ce, “To?”

Na ce, “Baba kuma ba ya wanke safa. Ni ma nawa gishirin ke nan. Sun ce ba za ku ci ba. Na ce in kun ci, maganarsu ta karye, ba za a sallame ku ba.”

Daga nan ban san inda maganar ta riƙa fitowa ba. Na faɗa masa kalmomi taran da suka gudu. Na faɗa masa inda na ɓoye kwalin, da kantin da na saya, da cewa kuɗin da kika ba ni ne. Ya ce, “Ke me ya dame ki da a sallame ni? Ko ƙwallon ba kya so.” Sai na faɗa masa zancen hoto. Na lissafa masa makarantun ɗaya bayan ɗaya da watan da muka bar kowacce. Shi yana tuna garuruwan da sakamakon wasa, ni ina tuna su da sunan malamai. Da na zo kan ƙyanda sai ya cire tabar daga bakinsa.

Ya ce, “Ko ɗaya?”

Na ce, “Ko ɗaya.”

Ya ce, “Ubanki bai taɓa faɗa mini ba.”

Na ce, “Shi ma bai sani ba.”

Ya daɗe yana kallon akwatinsa. Sannan ya miƙe ya ɗaga hannu saman kabad, sai ga kwalina, ko igiyar ba a kwance ba. Ya ce, “Kullum ina kallonsa ina zagin ubanki. Ɗauko mini hulata, kuma kada ki ajiye ta a kan gado.”

Muka fito, shi a gaba da kwali a hannu, ni da Nives a baya. Muka bi ta kasuwar kifi da rana tsaka. Oreste ya buɗe baki zai yi magana, Mista ya ɗaga masa kwalin ya ce, “Kai mai kifin jiya, biyo ni ka zama shaida.” Ya kuwa biyo mu da ƙyallen aikinsa a ɗaure.

Muka isa gida, Baba yana durƙushe yana manna wa kwali salatif. Da ya ga wanda ya shigo ya miƙe da sauri har gwiwar ta yi ƙara. Mista bai gaishe shi ba. Ya ja kujera ya ce, “Graziella, wuƙa.” Ya yanka babban yanki, ya cinye muna tsaye muna kallo, har ya tsince zabibin da ya faɗi a kan tebur. Ya ce wa Oreste, “Ka gani? Je ka faɗa wa mai aski Bertacca ya ci panettone a Torre Salina.” Oreste ya ce, “Ai bayan an kore ku ne, wannan ba ya cikin lissafi.” Mista ya ce, “Da ka iya lissafi da ba kifi kake sayarwa ba.”

Sannan ya juya ga Baba ya ce, “Ina takardar Firenze?” Baba ya dubi kwalayen. Mama ba ta jira ba, ta jawo kwali na bakwai ta farke shi da wuƙar burodin. Takardar tana ƙarƙashin tsofaffin takalman wasansa. Mista ya karkaɗe ta ya ɗora a kan tebur.

Baba ya ce, “Mista, tare muka zo, tare za mu tafi. Ba a taɓa yin wani abu daban ba.”

Ya ce, “Ermanno, sau biyar ana sallamata, yau bari in ɗanɗana yadda ake yi. Na sallame ka. Ba na buƙatar na biyu, zan je in yi noman tumatir, matata ce ta farko a can.” Sannan ya ce, “Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Wannan yarinyar ta fi mu duka ƙarfin hali, shekara shida tana biyan tarar katin da ba ita aka ba ba.”

Ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, “Gobe ƙarfe uku akwai atisaye. Ka gyara 'yan bayan nan, ni sun fi ƙarfina. Sai wata rana, Mista.”

Kaka, Baba waiwayawa ya yi ya ga da wa ake.

Yau da safe ya je ya ba shugaban kulob amsa, daga can ya wuce tasha ya ɗaukar wa Kawu akwati har cikin jirgi. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini zancen hoton ba?” Na ce ban iya ba. Ya ce, “Yanzu kin iya.” Bai yi mini alkawarin Mayu ba, ya ce ba a hannunsa yake ba, amma zai yi iyakar yinsa. Ni ma haka.

Ɗakin baya ki bar wa kajinki. Ke za ki zo mana Kirsimeti, Baba ya ce zai zo ya ɗauke ki.

Taki har kullum,
Marzia


Torre Salina,
25 ga Mayu, 1998

Kakata Adelina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafa da shigowar zafi? Na ji akuya ta haifi biyu, Allah ya raya, Allah ya kare wankin maƙwabta.

Kin riga kin ji a rediyo ba mu faɗa ƙasa ba. Na goma sha ɗaya muka gama. Ba abin a buga ganga ba ne, amma ranar wasan ƙarshe Oreste ya aiko mana da kifi tire guda, bayan ya shafe wata biyar yana ihu cewa Baba bai san hagunsa da damansa ba. Ya ce wa Mama, “Ai sai mutum ya zama Mista nake zaginsa, girmamawa ce.”

Ba da sauƙi aka zo nan ba. Wasansa na farko an ci mu uku da nema. A watan Fabrairu an ci mu uku a jere, na ga Mama ta leƙa ƙarƙashin gado, na ce mata, “Mama, bar su.” Ta bar su. Har yau Baba yana mantawa ya zauna a kujera ta biyu a benci sai an taɓa shi, kuma shi ke jera alamomin atisaye da kansa, mataimakinsa yana binsa a baya yana roƙo a bar masa aikinsa. Duk ranar Litinin Kawu yana bugo waya ya faɗa masa kurakuransa, su yi ta musu kamar za su cinye juna.

Yanzu ki buɗe ɗan kwalin da na saka a cikin ambulan, a hankali, kada ki lanƙwasa.

Ranar Talata aka ɗauka a kan matakalar makaranta. Mai hoton ya dube ni ya ce, “Ke doguwa, koma layin baya.” A baya kuwa kan wani yaro zai rufe rabin fuskata. Na ce, “A'a, a gaba zan tsaya.” Bai ji ba, sai na sake faɗa da ƙarfi har malama ta juyo. Ga ni nan a layin gaba, ta uku daga hagu. Mai baki a buɗe kusa da ni ita ce Nives, magana take yi. Safar da ke ƙafata taki ce, shi ya sa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Guda uku na karɓa. Ɗaya yana bangon falonmu, Baba ya buga ƙusar da kansa, karon farko da na ga ya huda bangon gidan da muke ciki. Ɗaya naki. Na ukun na aika wa Kawu, na rubuta a baya, “Daga gidanmu,” amma wannan karon na ƙara bayani.

Shugaban kulob ya ce Baba ya ci gaba baɗi. Tun ba a je ko'ina ba mai aski ya fara tambayar mutane ko Mista Ermanno zai ci panettone. Na faɗa wa Mama, bana kada wanda ya shigo mana da shi gida sai ranar Kirsimeti da safe. Aji uku ma akwai hoto, kuma bangon da sauran wuri.

Ki gaida kowa. Sai mun zo hutu.

Jikarki mai ƙaunarki,
Marzia